Tallar karuwanci a intanet: abin da rufe Backpage ya gyara da abin da ya ɓata

Ranar 6 ga Afrilun 2018, duk wanda ya buɗe shafin Backpage sai ya yi kaciɓis da sanarwar hukumar FBI da wasu hukumomin gwamnatin tarayyar Amurka cewa an ƙwace shafin. A lokacin babu dandalin da ya kama ƙafarsa wajen tallar karuwanci a Amurka, kuma masu gabatar da ƙara sun ce ya tara kusan dala miliyan 500 daga wannan harka tun da aka kafa shi a 2004. Bayan kwana biyar, ranar 11 ga watan, Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu a kan dokar yaƙi da safarar mutane don karuwanci ta intanet, wato FOSTA, wadda aka nuna wa jama'a cewa in ba da ita ba, babu yadda za a yi da irin su Backpage. Waɗannan ranaku biyu sun isa su sa mai lura ya dakata, domin da tsofaffin dokoki aka kayar da shafin, tun sabuwar ba ta fara aiki ba. Daga nan tambayoyi suka biyo baya, waɗanda har yau ba a gama amsa su ba: shin rufe shafin talla yana rage cinikin ne ko kuwa ɓoye shi yake yi, wa yake amfana da ɓoyewar, kuma wace irin doka ce ta fi kare yarinyar da aka tilasta wa wannan harka?

Tallar ba intanet ce ta ƙirƙiro ta ba. Jaridun mako-mako na kyauta da ake rabawa a manyan biranen Amurka sun daɗe suna cin abinci da ƙananan tallace-tallacen da ke shafinsu na baya, inda mai neman ɗan haya da mai sayar da tsohuwar mota suke maƙwabtaka da masu tallar tausa da rakiya, kuma kowa ya san abin da ake nufi da tausar. Da shafin Craigslist ya zo ya janye waɗannan tallace-tallace zuwa intanet, sai kuɗin shigar jaridun ya kama ƙafewa. Michael Lacey da James Larkin, masu jaridar New Times ta birnin Phoenix da wasu jaridu irinta, suka buɗe Backpage don su tare wannan asara. Mutanen nan biyu, in za a yi adalci, ba baƙi ba ne a fagen kare 'yancin jarida, domin a 2007 shugaban 'yan sandan gundumarsu, Joe Arpaio, ya sa an kama su saboda wani rahoto da suka buga, daga baya kuma gundumar ta biya su diyyar dala miliyan 3.75. Da wannan rigar ta 'yan jarida suka riƙa kare kansu har ƙarshe.

Craigslist ne ya fara shan matsi. Bayan wani ɗalibin likitanci ya kashe wata mace da ya samu ta hanyar shafin a wani otal na Boston a 2009, kuma manyan lauyoyin gwamnatin jihohi 17 suka rubuta masa takardar gargaɗi a shekarar da ta biyo, sai ya rufe sashensa na manya a watan Satumban 2010. Cinikin bai ragu ba, sai dai ya kwashe kayansa ya koma Backpage. Wannan shi ne karo na farko da aka ga abin da zai sake faruwa bayan shekara takwas, amma kaɗan ne suka tsaya suka karanta shi.

Abin da ya hana a taɓa waɗannan shafuka tsawon lokaci shi ne sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996, wanda 'yan majalisa Ron Wyden da Chris Cox suka rubuta. Ma'anarsa a taƙaice ita ce ba za a ɗauki mai shafi a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta a shafinsa ba. A kan wannan sashe aka gina Facebook da YouTube da duk wani dandali da jama'a ke zuba abin da suka ga dama, domin da za a iya kai su ƙara a kan kowace jimla da kowane hoto, da ba su kai labari ba. Backpage ya fake da shi ya yi ta cin nasara a kotu. Shugaban 'yan sandan gundumar Cook, wadda birnin Shikago yake cikinta, Tom Dart, ya kai Craigslist ƙara a 2009 ya sha kaye, don haka a 2015 ya sauya dabara, ya rubuta wa kamfanonin Visa da Mastercard cewa su daina karɓar kuɗin tallar Backpage, suka kuwa daina. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce abin da ya yi barazana ce da rigar hukuma, kuma ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Shafin kuma ya mayar da tallar kyauta, ya koma karɓar kuɗin ƙarin hidima da Bitcoin, abin da ya rage wa masu bincike wata hanya mai kyau ta gano wanda ya biya. A 2016 Kamala Harris, tana babbar lauyar Kalifoniya, ta gurfanar da shugaban kamfanin, Carl Ferrer, bisa zargin kawalci, alƙali ya yi watsi da tuhumar saboda sashe na 230. Shari'ar da ta fi tayar da hankali ita ce ta wasu 'yan mata uku da aka riƙa tallarsu a shafin suna da shekara 15. A watan Maris na 2016 kotun ɗaukaka ƙara da ke Boston ta kori ƙararsu, alƙalin ya kuma amsa a rubuce cewa halin da suka shiga abin takaici ne, amma doka ta ɗaure masa hannu, gyaran yana wurin majalisa.

Majalisar Dattawa ta karɓi wannan ƙalubale, kuma rahoton da kwamitin Rob Portman da Claire McCaskill ya fitar a watan Janairun 2017 shi ne ya karya lagon kamfanin. Abin da aka gano a cikin wasiƙun ma'aikatansa ya wuce batun rufe ido. Kamfanin ya kafa wata manhajar tacewa da aka ɗura wa jerin kalmomi, waɗanda suka haɗa da Lolita, da fyaɗe, da 'yar makaranta, da ƙaramar yarinya, har da Amber Alert, wato sunan shelar da ake yi a Amurka idan an sace yaro. Idan kawali ya rubuta talla da ɗaya daga cikinsu, ba a jefar da tallar, ba a kuma kiran 'yan sanda, sai manhajar ta goge kalmar kawai ta saki sauran, da hoton da lambar wayar da sunan unguwar. Idan kuma mai talla ya rubuta shekarun da ba su kai 18 ba, sai saƙo ya fito masa cewa hakan bai halatta ba, ya gyara lambar ya sake turawa, tallar ta wuce. Ta ƙiyasin kamfanin da kansa, zuwa ƙarshen 2010 yana gyara kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tallace-tallacen sashen manya kafin su fito. Yarinyar da aka tallata tana nan a ɗakin da aka ajiye ta, abin da aka share kawai shi ne alamar da za ta sa a neme ta.

Wannan shi ne ainihin laifin Backpage, kuma sashe na 230 bai taɓa ba da kariya a kansa ba. Sashen bai hana gwamnatin tarayya tuhumar kowa da babban laifi ba, kuma wanda ya sa hannu ya gyara rubutu don ya ɓoye haramcinsa ya tashi daga mai masauki ya zama abokin aiki, kamar yadda kotun ƙolin jihar Washington ta fara nunawa tun 2015 da ta bari wata ƙara irin wannan ta ci gaba. Da wata dokar 1961 da ta haramta amfani da hanyoyin sadarwa tsakanin jihohi don taimaka wa haramtacciyar sana'a, da kuma dokokin halasta kuɗin haram, aka ƙwace shafin. Ferrer ya amsa laifinsa a cikin watan, ya yarda cewa ya san mafi yawan tallar sashen manya ta karuwanci ce, ya kuma koma shaidar gwamnati. Sauran shari'ar ta ja ƙafa. An rushe zaman farko a 2021 saboda masu gabatar da ƙara sun cika ambaton safarar yara alhali ba da ita ake tuhumar mutanen ba, Larkin ya kashe kansa a Yulin 2023 ana gab da sake zama, Lacey kuma an same shi da laifi guda na ɓoye kuɗi a ƙasar waje, aka yanke masa shekara biyar a 2024.

Duk da haka FOSTA ta wuce da gagarumin rinjaye, ƙuri'a 388 da 25 a Majalisar Wakilai, 97 da 2 a ta Dattawa, domin babu ɗan siyasar da zai so a ce ya tsaya wa masu safarar yara. Sanatoci biyun da suka ƙi su ne Rand Paul da Wyden. Dokar ta cire kariyar sashe na 230 a kan ƙararrakin safarar mutane, sannan ta ƙirƙiro sabon laifi: duk wanda ya mallaki ko ya tafiyar da shafi da niyyar tallafa wa karuwancin wani zai iya shan ɗaurin shekara 10, ko 25 idan abin ya shafi mutum biyar ko fiye. A nan gizo yake saƙar, domin wannan sashe bai bambanta yarinyar da aka sato da babbar macen da ke tallar kanta ba. Ma'aikatar Shari'a da kanta ta rubuta wa majalisa tana nuna damuwa a kan wasu sassan, musamman wanda ya ce dokar za ta hau abin da aka aikata kafin a yi ta. Kamfanoni ba su jira a gwada ta a kansu ba. Craigslist ya rufe sashen neman abokan soyayya gaba ɗayansa tun kafin a sa hannu, Reddit ya soke wasu zaurukansa, ƙananan shafuka da dama suka kashe fitilarsu.

A watan Yunin 2021 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka, GAO, ya duba abin da dokar ta haifar, kuma abin da ya samu bai yi wa masu ita daɗi ba. A cikin shekara uku, sau ɗaya tak aka yi amfani da sabon laifin, a kan mai shafin CityXGuide, wanda ya yi rajistar sababbin adireshi kwana ɗaya bayan faɗuwar Backpage don ya gaji kasuwarsa, ya kuma tara fiye da dala miliyan 21 kafin a kama shi a 2020. Masu gabatar da ƙara sun ce tsofaffin dokokin sun ishe su. Mafi muni, hukumar FBI ta shaida wa masu binciken cewa gano waɗanda ake safararsu da masu safarar ya ƙara wuya.

Dalilin ba ya buƙatar dogon lissafi idan aka dubi yadda ɗan sandan ciki yake aiki. A da, idan uwa ta kawo hoton 'yarta da ta ɓace, wuri ɗaya zai buɗe, ya bi tallace-tallacen garin da na garuruwan da ke kan babbar hanya, ya laluɓo fuska ko zanen jiki ko labulen ɗakin otal da ya maimaitu a hotuna. In ya samu, sai ya aika wa kamfanin sammaci, kamfanin kuma, da yake a Amurka yake kuma yana son a ce yana ba da haɗin kai, ya turo lambar katin da aka biya da shi da adireshin kwamfutar da aka tura tallar. Daga nan ɗan sandan ya kira lambar kamar mai ciniki, a ba shi lambar ɗaki. Yanzu tallar ta warwatsu a shafuka barkatai, da yawansu na'urorinsu suna ƙasashen da sammacin Amurka ba ya aiki, biyan kuɗin ya koma na intanet wanda ba ya ɗauke da suna, maganar ciniki kuma ta koma manhajojin saƙo masu sirri da shafukan sada zumunta da na neman soyayya. Kamar dai a tashi kasuwar da ke bakin titi ne, 'yan kasuwar su bazu cikin lunguna: ciniki na nan, mai karɓar haraji ne kawai ya rasa inda zai same su.

Matan da ke wannan harka da kansu suna da nasu ƙorafin, kuma ko mutum yana ƙyamar sana'ar, ya kamata ya ji shi. Sun ce intanet ta raba da yawansu da tsayuwar titi da dogaro ga kawali, domin mace na iya tallar kanta, ta bukaci mai ciniki ya ba ta cikakken sunansa da wurin aikinsa, ta nemi wata da ta taɓa hulɗa da shi ta shaide shi, ta duba lambarsa a jerin mugayen maza da suke rarrabawa a tsakaninsu, duk kafin ta buɗe ƙofa. A titi kuwa, 'yan daƙiƙoƙi take da su ta tagar mota. Bayan FOSTA wasu daga zaurukan da ake ajiye wannan jeri sun rufe don tsoron a ce suna tallafa wa karuwanci, kuma ƙungiyoyin matan sun ba da rahoton cewa tsofaffin kawalai sun dawo suna kiran waya da tayin samo masu ciniki. Yawancin waɗannan rahotanni daga ƙananan binciken jin ra'ayi suka fito, don haka ba a gina gini mai nauyi a kansu, amma sun yi daidai da abin da 'yan sanda suka faɗa ta nasu ɓangaren, alhali ɓangarorin biyu ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Masu ƙalubalantar dokar sun je kotu, sai dai a Yulin 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke birnin Washington ta tabbatar da ita, bayan ta taƙaita fassararta ga wanda ya taimaka wa laifin da gangan. A ganina hukuncin da ya dace da wannan babi a fili yake: hukunta masu Backpage daidai ne, kuma tun da wuri ya kamata a yi, amma dokar da aka kafa da sunansu ta zama gudun gara an faɗa gidan zago.

Daga nan ne muhawarar ta koma tushe, domin talla reshe ce, kuma ba za a san yadda za a yi da ita ba sai an yanke shawara a kan abin da ake tallar. A kusan dukkan jihohin Amurka mai sayarwa da mai saye duk masu laifi ne, in ban da wasu ƙananan gundumomin jihar Nebada da ke ba gidajen karuwai lasisi, kuma birnin Las Vegas ba ya cikinsu. Suwidin ta ɗauki wata hanya daga 1 ga Janairun 1999, inda ta ce macen ba ta da laifi, namijin da ya biya shi ne mai laifi, bisa hujjar cewa karuwanci zalunci ne ga mata kuma buƙatar maza ce ke raya shi. Norway da Iceland sun bi ta a 2009, Kanada a 2014, Faransa a 2016, Ireland a 2017. Kanada ta ƙara da haramta tallar hidimar wani, ta bar wa mace damar tallar kanta, wanda a aikace yake nufin jarida ko shafin da ya ɗauki tallar yana cikin haɗari. Masu goyon bayan wannan tsari suna nuna cewa karuwancin titi ya ragu da kusan rabi a Suwidin, masu suka kuma suna cewa shekarun da aka auna su ne daidai shekarun da wayar hannu da intanet suka kwashe cinikin daga titi a ko'ina.

Holan ta halatta gidajen karuwai a 2000, Jamus ta mayar da karuwanci sana'ar da doka ta sani a 2002, da fatan matan za su samu kwantiragi da inshorar lafiya da fansho. Kaɗan ne suka nema. Abin da ya bunƙasa shi ne manyan gidaje masu hawa-hawa, cike da mata daga Romaniya da Bulgeriya, har aka riƙa yi wa Jamus kirarin gidan karuwan Turai. A 2017 ta ƙara tsaurara doka, ta wajabta rajista da ganin jami'in lafiya da amfani da kororon roba, amma waɗanda suka yi rajistar wajen 40,000 ne a ƙarshen 2019, adadin da kowa ya yarda bai kai yawan masu harkar ba. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya kwatanta ƙasashe sama da ɗari, ya nuna cewa inda aka halatta karuwanci an fi samun rahoton shigo da mutanen da aka yi safararsu, ko da yake marubutan da kansu sun yi gargaɗi a kan raunin alƙaluman.

Niyu Zilan ta bi hanya ta dabam a 2003, da ƙuri'a 60 da 59. Ba ta kafa rajista ko keɓe unguwa ba, sai ta cire hukunci daga kan manya masu yi da yardarsu, ta bar dokokin ƙwadago da na lafiya su yi aiki, ta kuma tsananta a kan tilastawa da amfani da 'yan ƙasa da shekara 18. A can ne a 2014 wata mace ta kai mai gidan da take aiki ƙara bisa cin zarafi, aka ba ta diyyar dala 25,000 ta ƙasar. Amnesty International ta goyi bayan wannan tsari a 2016, abin da ya jawo mata fushin ƙungiyoyin mata da dama, Beljiyam kuma ta bi shi a 2022, ta ƙara da dokar kwantiragi daga Disambar 2024 mai ba da hutun haihuwa da 'yancin ƙin mai ciniki. Hujjar da masu wannan ra'ayi suka fi ji da ita daga Amurka ta fito, a jihar Rhode Island, inda wani gyaran doka na 1980 ya bar giɓi ba da niyya ba, kotu ta tabbatar a 2003 cewa karuwancin cikin ɗaki ba laifi ba ne, har aka toshe giɓin a 2009. Masana tattalin arziki Scott Cunningham da Manisha Shah sun gano cewa a wannan tsakani rahoton fyaɗe ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, ciwon sanyi a tsakanin mata kuma da kusan kashi 40. Sakamako ne mai ƙarfi, amma daga ƙaramar jiha ɗaya a cikin 'yan shekaru.

Akwai macen da duk waɗannan tsare-tsare suke tuntuɓe a kanta, kuma sau da yawa 'yar Najeriya ce. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga matan Najeriya kusan 11,000 da suka sauka Italiya ta teku a 2016, daga ƙasa da 1,500 a 2014, ta kuma ƙiyasta cewa kashi 80 cikin ɗari na iya zama waɗanda aka yi safararsu don karuwanci. Mafi yawansu daga jihar Edo suke, sun ratsa ta Agadas da Libiya, da bashin da kan kai Yuro 30,000 ko fiye a wuyansu, da rantsuwar da aka sa su a gidan tsafi, irin wadda Oba na Benin, Ewuare II, ya fito fili ya warware a watan Maris na 2018. Irin wannan mace ba ita ke rubuta tallarta ba, madam ɗinta ce ke riƙe da wayar da hotunan. Rajistar Jamus ba ta amfane ta ba, domin ba ta da takardar zama. Dokar Niyu Zilan ma ta haramta sana'ar ga mai bizar wucin gadi, wato ta bar baƙuwa a waje. A Norway, inda doka ta ce ba ta da laifi, Amnesty ta tattara shaidar yadda 'yan sandan Oslo suka riƙa bin tallace-tallace suna gano gidaje, sannan su gargaɗi masu gidan cewa za a tuhume su da kawalci in ba su kori 'yan hayar ba, matan Najeriya da dama kuma daga kai ƙarar wanda ya cuce su sai suka tsinci kansu a jirgin komawa gida. Faransa ta yi alƙawarin takardar zama ta wata shida da tallafi ga mai son fita, amma tallafin Yuro 330 ne a wata lokacin da aka fara. A Yulin 2024 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta kori ƙarar mutum 261 da suka ƙalubalanci dokar Faransar, ta ce kowace ƙasa tana da ikon zaɓar hanyarta tun da Turai kanta ba ta daidaita ba. Abin da ke ɗaure wannan mace shi ne bashi da rashin takarda da tsoron abin da za a yi wa iyayenta a gida, kuma babu ɗaya daga cikinsu da halattawa ko haramtawa ke kwancewa.

A ƙasar Hausa batun halattawa ba ya kan tebur, domin addini ya yanke hukunci a kan zina, jama'a kuma ba su nemi a sake shi ba. Senegal, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ita ce ta yi rajistar mata masu zaman kansu tun 1969, da katin asibiti da sharaɗin shekara 21, kuma ko a can mafi yawansu suna gudun rajistar don kunyar a san su. Amma darasin warwatsuwa mun riga Amurka ganinsa. Da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara da maƙwabtanta daga 2000 aka rufe gidajen magajiya, mata da yawa sun tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi da Ƙonni, wasu suka kama haya a unguwannin da ba a san su ba. Yau kuma babu wani Backpage da za a ƙwace, domin tallar tana cikin WhatsApp da Telegram da Instagram da TikTok, magajiyar zamani kuma ba ta buƙatar gida, lambobin waya da asusun banki sun ishe ta. Samamen da Hisbah ko 'yan sanda ke kaiwa otal da gidan rawa yakan kwaso matan da aka tarar, wani lokaci har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kamar yadda kotun ECOWAS ta tabbatar a 2017 a ƙarar wasu mata da aka kama a titunan Abuja aka kira su karuwai. Mai haɗa cinikin kuwa yana gida yana karɓar alat.

Kuma shi ne ya fi sauƙin bi, in da niyya. Layin wayarsa yana haɗe da lambar NIN, asusun da ake tura masa kasonsa yana haɗe da BVN, wato yana barin sawun da masu binciken Amurka suka yi kukan rasawa bayan 2018. Doka ma tana nan, domin dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara bakwai ba da tarar da ba ta gaza naira miliyan ɗaya ba ga duk wanda ya jawo 'yar ƙasa da shekara 18 cikin karuwanci. Sai dai irin wannan aiki yana cin watanni na neman izinin kotu da bin takardun banki da lallashin yarinyar da ke tsoron ba da shaida, da samo mata wurin kwana da abin yi kafin ranar shari'a, kuma ba ya samar da hoton mata jere a bayan mota da za a nuna wa 'yan jarida washegari.